Kafin hunturu ya shigo: inda rigakafin kaji ke lalacewa tsakanin shago da akurki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi magana da masu kiwon kaji, manya da ƙanana, tun iskar hunturu ba ta fara kaɗawa ba. Ƙorafi ɗaya ne ke dawowa kowace shekara daga Nuwamba zuwa Fabrairu: "Na yi musu rigakafi, amma sun mutu." Daga nan sai mai kaji ya yanke cewa maganin jabu ne, ko kuwa rigakafin ne da kansa ya kashe su, baɗi kuma ya ƙi yi. Jabu akwai shi, ba mu musanta ba. Sai dai sau da yawa maganin yakan fito daga kamfani lafiya lau. A hanya yake mutuwa, ko a cikin bokitin ruwa, ko kuma a ba da shi bayan cuta ta riga ta kwana a gidan.

Cutar da ta fi share akurki a ƙasar nan ita ce Niyukasil. Sunan wani gari ne a Ingila inda ta ɓulla a 1926, shekarar da aka gan ta a tsibirin Jaba na Indunusiya, kuma tun farkon shekarun 1950 aka tabbatar da ita a Najeriya. Duk wanda ya yi kiwo ya san kamanninta ko bai san sunan ba. Kaza ta takure, ta saki fiffike kamar ta yafa mayafi, ta daina ci, tana buɗe baki tana neman numfashi, kashinta ya koma kore mai ruwa-ruwa. Wadda ta daɗe ba ta mutu ba sai wuyanta ya murɗe, kai ya juye sama, tana zagaye wuri ɗaya. Masu ƙwai su rage yi, wanda suka yi ma ɓawonsa ya yi laushi. Idan likita ya feɗe gawar, yakan ga ɗige-ɗigen jini a ƙaramin tumbin nan da ke gab da ƙundu. A garken da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, mai zafinta tana iya kashe kusan kowace kaza cikin 'yan kwanaki.

Ƙwayar bairas ce ke kawo ta, saboda haka kafso mai ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwa ba ya taɓa ta. Haka barkono, haka ɓawon maɗaci. Maganin kashe bakteriya yana iya rage wata cutar da ta hau kan wannan, amma Niyukasil kanta ba ta da magani idan ta kama. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta, shi ma sai an ba jiki lokaci: kwana 7 zuwa 14 kafin garkuwar ta ginu. Ita kuwa cutar tana ɓoye a jikin kaza kwana 2 zuwa 15, galibi 5 ko 6, kafin alama ta fito. Wanda ya jira sai kajin maƙwabci sun fara faɗuwa sannan ya garzaya shago, kajinsa wataƙila sun riga sun kwasa. Za su mutu a makon, a ɗora wa rigakafin laifin da ba nasa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, yawancin rigakafin kaji abu ne mai rai. Wannan farin dunƙulen da ke gindin 'yar kwalba, na Lasota (rigakafin Niyukasil) ko na Gumboro (wata cutar 'yan tsaki), ƙwayar cutar ce da aka raunana aka busar, kuma sai ta isa jikin kaza da ranta take aiki. Zafi yana kashe ta, hasken rana yana kashe ta, sabulu da kulorin, wato sinadarin tsabtace ruwa, suna kashe ta. Wurin ajiyarta firji ne mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Matsalar ita ce kwalbar da ta mutu da mai rai kamanninsu ɗaya, ido ba ya bambancewa. Don haka kafin ka biya kuɗi, ka dubi firjin mai shagon. Idan an ɗauke wuta tun jiya, ba janareto, ba sola, ƙanƙarar ciki ta narke ta zama ruwa, ka nemi wani shagon. Ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalba. Idan dunƙulen ya shanye ya manne kamar ɗanko, ko murfin ya saki, ka bar ta. Ka tafi da kula ko filas da ƙanƙara a ciki, kuma sayen rigakafi ya zama aikinka na ƙarshe a kasuwa. Mutum ya saya da hantsi, ya jefa a aljihun riga ko ƙarƙashin kujerar babur, ya ci kasuwarsa sai la'asar, to ya kai gida da kwalba ne kawai.

Sai kuma bayarwa a ruwan sha, wadda ita ce hanyar mafi yawan masu burola, wato kajin nama, da masu kajin ƙwai, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Tun kwana biyu kafin ranar a daina sa duk wani maganin tsabtace ruwa. A wanke mazuban ruwa da ruwa zalla, ban da omo, ban da sabulu, kuma su kasance na roba, domin kwanon ƙarfe, balle mai tsatsa, yana lalata maganin. Ruwan famfo na hukuma yana da kulorin, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe kwalba guda. Ruwan rijiya mai tsabta ko na burtsatse ya fi. In babu sai na famfo, a tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ya wuni kafin a yi amfani da shi. A ranar, da sassafe kafin rana ta ɗaga, a janye ruwa daga gaban kajin na awa ɗaya zuwa biyu domin su ji ƙishirwa. A lokacin bazara awa ɗaya ta wadatar, kada a je neman kariya a jawo musu galabaita.

Yawan ruwan shi ne abin da za su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ma'aunin da aka saba da shi ga 'yan tsaki shi ne, kowane 1,000 a ba su lita daidai da kwanakinsu: 'yan kwana 14, lita 14. Mai 200 'yan kwana 14 ke nan kusan lita 3, a ɗan ƙara idan ana zafi. A cikin kowace lita a dama giram 2 na madarar gari wadda aka cire wa mai, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a bar shi minti 15 zuwa 20. Madarar tana kama ragowar kulorin, tana kuma kare ƙwayar maganin. Bayan haka a cire ƙarfen bakin kwalbar, a nutsa ta cikin ruwan, a buɗe robar a ƙarƙashin ruwa. Dalili kuwa babu iska a cikin kwalbar, idan aka buɗe a nutse ruwa ne zai ruga ciki ya narkar da dunƙulen gaba ɗaya. A ɗauraye ta sau biyu ko uku a cikin bokitin, a juya da abu mai tsabta na roba, a raba nan take.

Akwai kuskuren da ko waɗanda suka kiyaye duk wannan suke yi, shi ne ƙarancin mazubi. An ƙishirtar da kaji 500 an ajiye musu mazubi huɗu. Ƙarfafa za su danne wurin su sha rabon kaza uku-uku, raunana da masu tsoro su koma gefe, kafin su samu wuri ruwan ya ƙare ko maganin ya mutu. Waɗannan da ba su sha ba su ne cutar za ta fara kamawa, ta hayayyafa a jikinsu har ta fi ƙarfin garkuwar sauran. A ƙara mazubai a ranar rigakafi ko da aro ne, a ajiye su a inuwa, mai kula da kajin ya yi ta zagayawa a hankali yana tayar da na kwance. Sai ruwan maganin ya ƙare tas sannan a kawo ruwan yau da kullum. Abin da ya wuce awa biyu kuwa ya tashi daga aiki. Ba a mayar da shi firji don gobe, ba a kuma fasa dunƙulen busasshe a ce rabi yau rabi mako mai zuwa. Mai kaji 100 da bai samu sai kwalbar 1,000 ba, gara ya haɗa kai da maƙwabta masu kaji a yi rana ɗaya a raba kuɗin.

Duk wannan maganar gidan gona ce. Kajin da suka fi damun mu su ne na tsakar gida, kajin Hausa na mata da yara, waɗanda ake kamawa a sayar ranar da aka rasa kuɗin magani ko na makaranta. Su ne suka fi yawa a ƙauyuka, su ne kuma ba kasafai ake yi wa komai ba. Hanyar ruwan sha ba ta dace da su ba, domin kazar da ke yawo tana sha a gindin randa da bakin kwata, ba ta da ƙishirwar da za ta sa ta shanye rabonta. Abin da ya dace da su shi ne ɗigo a ido, da nau'in rigakafin Niyukasil da ake kira I-2. Masu bincike a Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya ne suka samar da shi musamman don kajin ƙauye, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin sa. Falalarsa ita ce yana jure zafi fiye da Lasota. Amma juriya ba ta nufin a ajiye shi a kan taga. A firji ake adana shi, idan za a shiga ƙauye a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma a sa a kwando mai shan iska, a gida kuma a ajiye a inuwa kusa da randa, a yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki.

Ga yadda ake yi. Da magariba, bayan kaji sun shiga akurki, a rufe su, da asuba a yi aikin kafin a sake su. A narkar da maganin da ruwan da ya zo tare da shi. In bai zo da shi ba, a tafasa ruwa mai tsabta, a juye a mazubin roba mai murfi ya huce sarai. A gwada 'yar robar ɗigon tukuna: a zuba mililita 1 na ruwa a ƙirga ɗigo nawa zai fita. Idan ya ba da kamar 33, kwalbar kaji 100 tana buƙatar mililita 3 ke nan. Mutum ɗaya ya riƙe kazar, ya kwantar da kanta gefe, ɗayan ya riƙe robar a tsaye, bakinta ƙasa, ya saki ɗigo ɗaya a ido ba tare da ya taɓa idon ba. Kada a sake ta nan da nan. A jira ɗigon ya nutse, za a ga ta ƙifta ta haɗiye, domin akwai 'yar hanya daga ido zuwa hanci da maƙogwaro. Idan ɗigon ya gangaro gefen fuska, a sake. Ɗigo ɗaya ne ga ɗan tsako da zakara duka, ba a ƙara wa babba. Zabi da talo-talo ma a yi musu. Abin da aka narkar a gama da shi a ranar. Nama da ƙwan kazar da aka ɗiga wa lafiyayyu ne, ana iya ci. Mai ɗigawa dai ya wanke hannu, kada ya murza idonsa, domin ƙwayar tana iya sa wa mutum jan ido na kwana biyu ko uku.

Garkuwar ɗigon ba ta dawwama, ga kuma sababbin 'yan tsaki da ake ƙyanƙyashewa a kai a kai, shi ya sa ake maimaitawa duk wata huɗu. Oktoba, Fabrairu da Yuni sun yi daidai da yanayinmu, kuma na Oktoba shi ne wanda bai kamata ya wuce kowa ba, domin shi ke gaban hunturu da hada-hadar kajin ƙarshen shekara. Haka idan Sallah ta gabato, a ƙirga aƙalla mako biyu kafin kasuwar kaji ta ɗau zafi. Unguwa gaba ɗaya ta yi tare ya fi gida ɗaya ya yi shi kaɗai, tunda kajin tare suke kiwo a bola ɗaya. Mai zagayawa da magani kuma ya kiyaye kansa kada ya zama shi ne mai rarraba cutar: gidan da kaji ke mutuwa ba a shiga da kwalba, kuma a wanke hannu da takalmi tsakanin gida da gida.

Cuta ta biyu ita ce Gumboro, mai sunan wani ƙauye a jihar Delawaya ta Amurka inda aka fara gane ta. Ta fi kama 'yan mako 3 zuwa 6. Za ka gan su sun cure wuri ɗaya, gashi a tashe, suna farin zawo mai ruwa, suna tsattsagar duburarsu. Mugun aikinta shi ne tana lalata wata 'yar jaka da ke saman dubura ta ciki, wadda a nan ne garkuwar jikin ɗan tsako ke ginuwa. Wanda ya tsira daga gare ta yakan tashi da rauni, ka yi masa Lasota bai karɓa yadda ya kamata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa Niyukasil da ta ɓarke a garken da aka yi wa rigakafi, Gumboro ce ta tsaga mata bangon. Wahalar rigakafinta a lokaci take. Ɗan tsako yana fitowa da garkuwar da ya gada daga uwa ta cikin ƙwai. Idan aka yi da wuri, wannan garkuwar ta kashe maganin. Idan aka makara, cutar ta riga shi. Shi ya sa ake yi sau biyu, na farko a cikin mako na biyu, na biyu bayan kamar kwana 10, domin wanda bai kama a farko ba ya kama a na biyu. A tambayi kamfanin da ya ƙyanƙyashe 'yan tsakin jadawalinsa, shi ya san abin da aka yi wa iyayen. Ƙwayar Gumboro tana da taurin rai, tana yin watanni a ɗakin kaji, don haka a kwashe ɓuntu ko garin katakon da ke ƙasa gaba ɗaya, a wanke, a fesa magani, a bar ɗakin ya huta aƙalla mako biyu kafin a zuba sababbi.

A gidan gona tsarin rigakafin Niyukasil hawa-hawa ne. Ranar farko ko cikin makon farko ana ɗiga mai sauƙi, wato Hitchner B1, sannan Lasota wajen mako na biyu zuwa na uku, a maimaita bayan mako biyu ko uku. A bar 'yan kwanaki tsakanin Lasota da Gumboro. Burola da za a sayar a mako 6 zuwa 8 a nan nasu ke tsayawa. Masu ƙwai kuwa ana bin su da Komarov, allura a tsoka daga mako 6 zuwa sama. Komarov yana da ƙarfi, idan aka yi wa ƙananan 'yan tsaki ko kajin da ba su taɓa samun Lasota ba yana iya kwantar da su. Wajen mako 16 zuwa 18, kafin su fara ƙwai, sai allurar mai, wadda ƙwayar cikinta matacciya ce, galibi rabin mililita a tsokar ƙirji ko ƙarƙashin fatar wuya, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba. Ita wannan ba a bari ta daskare, ƙanƙara tana raba man da ruwan ta lalace. A fito da ita ta huce daga sanyin firji, a girgiza sosai, a riƙa sauya allura. Wanda ya soki yatsansa da ita ya tafi asibiti a ranar da kwalbar a hannu, domin man yana kumbura nama ƙwarai.

Ƙurajen kaji, masu fitowa a zanko da fuska har su rufe ido, sauro ne ke yawan yaɗa su, don haka a yi rigakafinsu kafin damina, daga kamar mako 6. Ana tsoma allura mai baki biyu a maganin a huda fatar fiffike inda ba gashi, ba jijiya. Bayan kwana 7 zuwa 10 a ɗaga fiffiken a duba: ɗan kumburi ko ɓawon ƙurji a wurin shi ne shaidar ya kama. In babu, a sake. Rigakafin cutar Marek, wadda ke shanye ƙafar 'yan matan kaji, a wurin ƙyanƙyasa ake yin sa ranar farko, daga baya ba ya da amfani, sai a tabbatar an yi kafin a karɓi kwalin 'yan tsaki.

Ko magani mai rai ba ya aiki a jikin da ya raunana. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna yana ɗauke da gubar da ke danne garkuwa. Tsutsar ciki, zawon jini, cunkoso da warin kashi mai yaji a ido duk haka suke. Kaza marar lafiya ba a yi mata rigakafi. Ɗan atishawa na 'yan kwanaki bayan Lasota ba abin tsoro ba ne, amma idan ɗakin ƙura ne da zafi yakan rikiɗe ya zama mura mai tsanani. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta mako biyu zuwa uku. Agwagi suna iya ɗaukar Niyukasil ba tare da sun nuna alama ba, kada su kwana wuri ɗaya da kaji. Gawa a ƙone ko a binne da zurfi, kwalaben da aka gama da su ma haka. Muna kuma roƙon jama'a su daina garzayawa kasuwa da kaji da zarar sun fara rashin lafiya. Mun san asara ake gudu, amma kejin dillali ɗaya yana iya kai cutar ƙauye goma.

Murar tsuntsaye daban take, kuma rigakafin Niyukasil ba ya kare ta. Ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006 a yankin Jaji na Jihar Kaduna, a watan Fabrairun shekarar aka tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, ta kuma dawo a 2015 da 2021. Alamunta suna kama da na Niyukasil har sai ɗakin gwaji ya raba su. Idan kajin da aka yi wa rigakafi daidai suka fara zubewa farat ɗaya, zanko ya kumbura ya yi shuɗi, ƙafafu suka yi ja kamar jini ya kwanta, kada a yanka, kada a fige, kada a sayar. Tana iya kama mutum. A sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar.

Roƙonmu ga ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi da ƙananan hukumomi bai da yawa. A sa firji mai aiki da sola a asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi, a riƙa kawo I-2 a ƙananan kwalabe tun watan Satumba. A koya wa mace ɗaya ko biyu a kowace unguwa yadda ake ɗigawa, tunda su ke shiga gidajen da maza ba sa shiga, su kuma suka san kazar kowa, a bar su su karɓi ɗan abin da zai mayar da kuɗin kwalba ya biya wahalarsu. Hukumomin da ke sa ido kan magunguna su riƙa leƙa firjin masu shagunan maganin dabbobi. Gidajen rediyo kuma, da masu unguwanni, su riƙa shelar makon rigakafin kaji a farkon Oktoba kamar yadda ake shelar na shanu da awaki.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu likitocin dabbobi da malaman gona,
Zariya, Jihar Kaduna.